Wa Ke Riƙe da Sunan? Tarihin .ng daga Pisa zuwa Sabon Birni

Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, bayan la'asar agogon Nijeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif a duniya baki ɗaya har kusan awa shida. A Kano da Kaduna mutane suka yi ta kashe waya suna kunnawa, suna ɗora laifin a kan kamfanonin layi. A Gatawa da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa kuwa, abin bai zama labari ba, domin mako biyu ke nan da ɗaukewar layukansu. Tun 3 ga Satumba hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu ƙananan hukumomin Katsina suka biyo baya, sannan a 20 ga watan aka rufe ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, ciki har da waɗannan biyun.

Shirun iri ɗaya ne a kunne, amma cutar daban ce. A gabashin Sakkwato hanya aka toshe daga bakin ƙofar mai waya. A wajen Facebook kuwa, hotuna da saƙonni suna nan a rumbunansu ba abin da ya taɓa su. Jagoran da ke nuna wa wayoyi inda rumbunan suke ne ya ɓace. Duk wanda zai buɗe wa makaranta, asibiti, jarida ko ƙungiyar ci gaban gari shafin intanet yana buƙatar sanin wannan bambanci, domin kuɗin da yake biya sau ɗaya a shekara na abubuwa uku ne da aka ɗaure masa a ƙunshi guda: suna, da jagora, da masauki. Tarihin yadda Nijeriya ta karɓi kowannensu ya nuna wanda ya fi cancanta a riƙe da hannu biyu.

Suna daban, mazauni daban

Bagobiri ba ya buƙatar injiniya ya yi masa bayanin cewa suna yana iya daɗewa fiye da mazauninsa. Fadar Gobir ta zauna a Birnin Lalle, ta gangaro kudu har ta kafu a Alkalawa cikin ƙarni na 18. Da Alkalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, birnin ya watse amma sarautar ba ta mutu ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma, a rabi na biyu na ƙarnin, Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Yau akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, akwai a Sabon Birni, akwai a Isa, akwai a Gwadabawa. In aka ce "Sarkin Gobir" aka yi shiru, mai sauraro zai tambaya: na ina? Sai an ƙara "na Isa" ko "na Gwadabawa" kafin ɗan aike ya san inda zai dosa.

Wannan ita ce matsalar da intanet ta ci karo da ita tun tana ƙarama. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani, wadda ake kira lambar IP. A shekarun 1970, lokacin da hanyar sadarwar ARPANET ta haɗa 'yan jami'o'i da cibiyoyin bincike a Amurka, fayil guda ne, mai suna HOSTS.TXT, yake ɗauke da sunan kowace na'ura da lambarta. Wani ofishi a Cibiyar Bincike ta Stanford, ƙarƙashin Elizabeth Feinler, shi ke kula da shi. Mai son a saka sabuwar na'ura sai ya tuntuɓi ofishin, kowa kuma ya riƙa sauko da sabon kwafi lokaci zuwa lokaci. Da na'urori suka yawaita, fayil ya kumbura, sunaye suka fara cin karo, kwafin wani ya tsufa na wani sabo ne.

A 1983 Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kaliforniya ya tsara mafitar da ake amfani da ita har yau, wato DNS. Maimakon kundi ɗaya a hannun ofishi ɗaya, sai aka jera sunaye hawa-hawa kamar sarauta. A ƙoli akwai tushe, wanda bai san komai ba sai waɗanda ke riƙe da manyan gundumomi irin su .com da .ng da .ne. Mai riƙe da .ng shi ma bai san inda shafinka yake ba. Abin da ya sani shi ne wace na'ura ka wakilta ta amsa tambaya a kan sunanka. Ita wannan na'ura ta ƙarshe, jagoranka, ita ce ke cewa: shafin wane yana lamba kaza, wasiƙunsa kuma a kai su lamba kaza. Idan ka sauya masauki, layi ɗaya za ka gyara a wajen jagora, sunan yana nan yadda jama'a suka san shi.

Shekara goma sha huɗu kafin .ng ya dawo gida

Jon Postel, abokin aikin Mockapetris, shi ya riƙa raba wa ƙasashe haruffa biyu-biyu. Yakan miƙa su ga wanda ya fara nema daga ƙasar in ya ga zai iya, kuma a wata takarda da ya fitar a 1994 ya bayyana cewa mai riƙe da sunan ƙasa amana aka ba shi domin jama'a, ba mallaka ba.

An miƙa .ng a 1995. Wadda aka rubuta a matsayin mai kula da harkar gudanarwa ita ce Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas. Sai dai a lokacin ƙasar ba ta da layin intanet tsayayye da zai ɗauki na'urar da dole ta amsa tambaya dare da rana, don haka aikin fasaha ya zauna a wata cibiyar bincike ta gwamnatin Italiya da ke birnin Pisa. Daga baya ya koma hannun Randy Bush, injiniya Ba'amurke da ya taimaka wa ƙasashe masu tasowa da yawa wajen shiga intanet. Wato shekara da shekaru, duk wanda ya nemi adireshin da ya ƙare da .ng, amsar daga wajen Nijeriya take fitowa.

A cikin gida kuma aka shiga ja-in-ja a kan wa ya cancanci riƙon. Ƙungiyar masu harkar intanet ta NIG, da kamfanonin da ke sayar da layi, da hukumomin gwamnati, kowa yana ganin nasa ne. Ana cikin haka 'yan kasuwa da jaridu da bankuna suka gaji da jira suka yi rajista a .com, ɗabi'ar da har yanzu ba ta saki mutane ba. Sai a 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki, aka danƙa riƙon ƙwarya ga hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001. A Maris 2005 aka kafa NiRA, ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, domin ta riƙe kundin a madadin kowa. Ko da haka, sai 2009 aka kammala sauya sunan mai riƙo a kundin tushe na duniya.

A lura da abin da ya ci shekarun nan. Na'urar da za ta ɗauki .ng ba ta fi ƙarfin aljihun jami'a guda ba. Abin da ya gagara shi ne yarjejeniya a kan sunan wa za a rubuta, domin a wannan tsari wanda aka rubuta shi ake saurara, kome yawan masu ƙorafi a bayansa. Abin da ya faru da ƙasa guda yana faruwa kullum da ƙananan ƙungiyoyi. Wani matashi mai ƙwazo ya gina wa makaranta shafi, ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambar wayarsa don sauƙi. Bayan shekara uku ya tafi karatu, ko aka ɓata, ko Allah ya yi masa rasuwa. Wa'adin suna ya ƙare ba wanda ya ga saƙon tuni, wani ya saye shi. Makarantar tana da allo da takardun wasiƙa da rasit duk ɗauke da adireshin da ba nata ba.

Fatoma da hanyar zuwa gidansa

Fataken goro da ke zuwa Gwanja ba sa gina gida a kowane zango. Suna sauka wajen fatoma, ya ba su ɗaki, ya adana kaya, ya tsaya musu a kasuwa. Kamfanin masaukin shafi fatoma ne: yana ba ka haya a kan uwar garke, wato kwamfutar da ba ta barci, a cikin ginin da ke da wuta da sanyi da tsaro. Kuma kamar a fatauci, kyawun ɗaki ba ya amfani in hanyar zuwa gidan ta yi nisa ko ta yanke.

Lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a 2001, kusan duk shafukan Nijeriya a Amurka ko Turai suke zaune. Hanyar fita kuwa tauraron ɗan'adam ce mai tsada, sai wayar ƙarƙashin teku guda ɗaya, SAT-3, da ke hannun NITEL. Saƙon da ya tashi daga wani ofishi a Kano zuwa wani a Kaduna, in layinsu ba na kamfani ɗaya ba ne, yakan je Landan ya dawo. Don magance wannan aka kafa IXPN a 2006, mahaɗa inda kamfanonin sadarwa ke musayar kaya a cikin gida. Ta fara a Legas, daga baya ta buɗe rassa a Abuja da Kano da wasu birane. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone domin hukumominta. A 2010 wayoyin MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, WACS ta biyo a 2012, Equiano ta Google ta sauka a 2022. Farashi ya sauko, cibiyoyin adana bayanai na zamani suka tashi, a 2013 kuma NITDA ta fitar da ƙa'idar cewa bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a ajiye su.

Sai dai taswirar ta karkata. Wayoyin teku a gaɓa suke sauka, manyan cibiyoyin kuma a Legas suka taru. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa tsakanin Legas da Landan yana cin wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ƙaramin abu ne a ido, amma buɗe shafi guda yana buƙatar irin wannan zirga-zirga sau da yawa. Mai karatu a Isa kuma, kafin saƙonsa ya isa Legas ɗin ma, sai ya bi ta turken sadarwa mai aiki da janareta, ya ratsa ɗaruruwan kilomita na faibar da masu aikin titi ke yankewa. Kowane hoto mai nauyi da aka ɗora a shafi, shi ke biyan kuɗinsa da datarsa da haƙurinsa.

Ranakun da aka koyi darasi

A 1997 wasu injiniyoyi huɗu, cikinsu har da Randy Bush ɗin nan, suka rubuta takardar shawara mai lamba RFC 2182. Abin da ta ƙunsa a taƙaice: kada jagororin suna guda su zauna a gini ɗaya, ko su rataya a kan layi ɗaya ko wutar lantarki ɗaya. Manyan ɗaukewar da aka yi bayan haka kusan duk saɓa wa wannan shawara ne ta wata fuska.

Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka kai hari kan Dyn, kamfanin Amurka da sana'arsa ita ce zama jagora ga shafukan wasu. Maharan sun tara dubban kyamarori da ƙananan na'urorin gida da aka kutsa, suka sa su yi ta jefa wa Dyn tambayoyin banza har ya kasa amsa na gaskiya. Twitter da Netflix da Spotify suka gagara buɗuwa ga miliyoyin mutane alhali na'urorinsu lafiya lau. Shafukan da ke da jagora na biyu a wani kamfani sun fi tsira.

Na Facebook a 2021 daga cikin gida ya fito. Wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya katse hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin kamfanin. Jagororinsa, da suka ga ba sa iya kaiwa ga rumbuna, sai suka janye kansu daga taswirar intanet kamar yadda aka tsara su. Da yake duk jagororin nasa ne kuma a gidansa suke, ba wani na waje da zai amsa. A Oktoba 2025 ma tangarɗar DNS ce a wani yanki na Amazon da ke Bajiniya ta kwantar da manhajoji da yawa a duniya.

Masauki shi ma yana ƙonewa. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa. Waɗanda suka ajiye kwafin bayanansu a wuri ɗaya da na asali sun rasa duka biyun. Hanya kuma tana yankewa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama a Nijeriya suka tsaya, gyara ya ɗauki makonni. A ranar, bambancin shafin da ke zaune a cikin ƙasa da wanda sai an ƙetare teku ya fito fili.

Kada a ɗauka cewa gida kullum ya fi aminci. Gwamnatin da ta kafa mahaɗa ita ce ta toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, ita ce kuma ta rufe layukan Zamfara da gabashin Sakkwato. Waje kuma yana da nasa tarko, wato dala. A farkon Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Masaukin dala goma a wata ya tashi daga naira 4,600 zuwa sama da 15,000 ba tare da an ƙara masa komai ba. Kafin nan ma bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, kuma shafin da aka kasa sabunta masa haya, fatoma ba ya jiran uzuri.

Abin da tarihin ke faɗa wa mai zaɓe

Suna shi ne farko, domin shi kaɗai ne ba a maye gurbinsa. A yi rajistarsa da sunan ƙungiya, da imel ɗin da aƙalla mutum biyu masu alhaki ke iya buɗewa, a biya na shekaru a gaba in da hali. Imel ɗin kada ya kasance a ƙarƙashin sunan da ake karewa, don ranar da sunan ya faɗi saƙon ceto ba zai iso ba. Mutanen Sabon Birni da Isa suna da ƙarin darasi da na Legas ba su sani ba: in lambar sirrin shiga ta saƙon tes take zuwa, ranar da aka rufe layi an kulle ka a waje ke nan. A yi amfani da manhajar da ke fitar da lamba ba tare da layi ba, a buga lambobin ko-ta-kwana a takarda, a ajiye kwafi wajen amintacce a wani gari. Sunan .ng da naira ake biyansa ta hannun dillalan da NiRA ta amince da su, kuma rigimarsa a cikin ƙasa ake warware ta; .com yana hannun kamfanin Verisign ƙarƙashin dokar Amurka. Mai hali ya riƙe biyun, ɗaya ya nuna ɗaya.

Jagora kuma a raba shi da masauki. Yawancin kamfanoni suna haɗa su kyauta, kuma da sauƙi, amma ranar da kamfanin ya faɗi ko kuka saɓa, ba ka da bakin da za ka ce wa duniya ka tashi. Kamfanonin da suka ƙware a jagoranci, irin su Cloudflare da Route 53 na Amazon, suna amfani da dabarar lamba ɗaya gidaje da yawa, ta yadda mafi kusa da mai tambaya shi ke amsawa. Tambayoyin da suka dace a yi su ne: akwai na'urarsu a Nijeriya? Suna yarda a ƙara jagora na biyu daga wani kamfani? Ana iya fitar da dukan bayanan suna a fayil guda a tafi da su? Akwai kuma wa'adin da ake rubuta wa kowace amsa, wato tsawon lokacin da sauran na'urori za su riƙe ta kafin su sake tambaya. Dogon wa'adi yana rufa asiri in jagora ya yi tuntuɓe na ɗan lokaci. Gajere yana sa ƙaura ta yi sauri. Mai shirin sauya masauki yakan rage shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Masauki shi ne ya fi sauƙin sauyawa, saboda haka a zaɓe shi bisa inda masu karatu suke da irin kayan da za a ajiye. Asibiti ko makarantar da ke tara bayanan mutane tana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa sharuɗɗa kan fitar da su waje. Jaridar da ke tsoron a matsa wa mai masaukinta lamba tana iya ganin waje ya fi mata. Ko ina aka zaɓa, a tambayi ko cibiyar tana haɗe da IXPN, da wane kuɗi ake biya, da wa ke ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Kwafin ajiya ya zauna a wani kamfani, a wani gari, kuma a gwada dawo da shi sau ɗaya kafin ranar buƙata, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da duk wannan ba ya magancewa. In an kashe turken sadarwa a Gatawa, babu jagora ko masaukin da zai kai shafi wayar mutumin da ke can. Abin da shiri mai kyau ke tabbatarwa shi ne, a makonnin da gari ya yi shiru, ɗan garin da ke Sakkwato ko Maraɗi ko Legas zai iya shiga ya sabunta shafin, ya sanar da halin da ake ciki, ya biya haya kafin wa'adi ya cika. Ƙungiyar da ba ta san sunan wa aka rubuta a rajistarta ba, aikinta na wannan mako ke nan: a nemo wanda ya gina shafin tun ana ga-maciji, a zauna da shi, a gyara takardar.